Dabinon Fasuma

Duk wanda ya saba sayen dafaffen zogale a unguwar Zariya ta Maraɗi ya san Fasuma. Doguwa ce mai wushirya, in ta yi sallama a ƙofar wani gida har na gida na uku sai sun amsa. A Tsibiri take aure, amma 'yar Jiratawa ce. Can lambun ubansu yake, yayanta Zakariya'u ke riƙe da shi tun rasuwar tsohon. Sau uku a sati takan ratsa Maraɗi ta je Jiratawa ta tsinko ganye, ta koma gida ta dafa, kashegari ta shigo gari da talla. Ta yi shekara ashirin tana wannan zirga-zirga, har masu kabu-kabu, wato masu baburan haya na tasha, sun daina tambayarta inda za ta.

To, wata shekara Hajiya Maijidda, matar wani babban ɗan kasuwa, wadda ba ta fashin sayen zogalen Fasuma, ta dawo daga aikin hajji. Gida ya cika da mata 'yan barka da sauka. Fasuma ta samu gefen tabarma ta zauna, aka ba ta zamzam a ɗan kofin da bai fi murfin buta ba, aka zuba mata dabino uku a tafin hannu. Ta sa ɗaya a baki. Ba irin busasshen nan ba ne mai gwada ƙarfin haƙori. Mai laushi ne, kafin ka tauna ya narke.

Tana zaune sai wani tunani ya faɗo mata. Tun tana yarinya, dabino abu ne da take miƙa hannu a ba ta, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a ƙofar wanda ya dawo daga Makka. Ita ba ta taɓa cika hannun kowa da shi ba. Ta dubi farantin da mata ke zuba ƙwallaye, ta jawo shi, ta shiga tsincewa tana ƙullewa a bakin gyale.

Hajiya Maijidda ta ce, "Fasuma, lafiya? Me za ki yi da ƙwallo?"

"Shukawa zan yi, Hajiya."

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Agadas za ki koma da zama?"

"A Jiratawa zan shuka, a lambun ubana."

Hajiya ta share hawayen dariya ta ce, "To in ya yi, ki kawo mani tsaraba."

"Zan kawo, in Allah ya yarda," in ji Fasuma, kuma ita ba ta yi dariya ba.

A gwangwanayen tumatir ta binne su a bayan ɗakinta. Goma sha biyu suka tsiro. Ta ɗauki sha ɗaya a kwando ta kai Jiratawa, ta bar ɗaya, wani ɗan tsigi mai ganye guda da ta ga ba zai kai labari ba. Mijinta Malam Mahamadu, tela ne da ido ya fara gajiya, ya ga gwangwanin a yashe, ya ɗauka ya dasa a gefen dutsen da yake zama ya yi alwala.

Zakariya'u bai so ba ko kaɗan. Ya ce, "Fasuma, kin san shekarunki kuwa? Nan ƙasar zogale ce da albasa da mangwaro. Wa kika taɓa ganin ya tsinki dabino a Jiratawa?"

"Ni za a fara gani, Yaya."

Ya girgiza kai, ya auna mata 'yar ɗirka, wani ɗan yankin fili a ƙarshen lambu, inda ruwan injin ban-ruwa ke kaiwa da ƙyar. Masu lambun maƙwabta suka sa wa wurin suna Madina. In sun hango ta da bokiti sai su ɗaga murya, "Hajiyar Madina, a yi mana addu'a!" Ita kuma ta ce, "Na yi maku, Allah ya ba ku haƙoran da za ku ci nawa."

Dabino ba ya sauri. Shekara ɗaya, biyu, uku, kamar ciyawa mai taurin kai. Biyu suka mutu, tara suka miƙe. A shekara ta biyar, da sanyi ya shigo, huɗu daga ciki suka fid da wani abu kamar kuben wuƙa a tsakanin ganye. Kuben ya tsage, farin fure ya fito cunkus, in ka taɓa sai gari ya zubo kamar an bushe gero. Fasuma ta yi guɗa ita kaɗai a lambu. Ta jira 'ya'ya, furen ya bushe ya kakkaɓe, ko ɗa guda bai ɗaura ba.

Zakariya'u ya zo ya duba, ya murza furen a yatsa. Shi mutum ne da ya san itace, ba a ja da shi a wannan. Ya ce, "Waɗannan maza ne. Ba ki ga yadda namijin gwanda yake yi ba? Fure ba ɗa. Mu sarewa muke yi, don kada ya shanye wa matan ruwa."

Gaskiya ya faɗa game da gwanda, kowa a Jiratawa haka yake yi. Fasuma da kanta ta ari diga, ta tone huɗun nan har saiwa, ta tara ta cinna masu wuta. Ta ce ruwanta ba na raggaye ba ne.

Sauran biyar sai a shekara ta bakwai suka yi fure. Nasu dabam ne, silili-silili kamar an jera duwatsun tsakiya a zare. Suka ɗaura 'ya'ya kuwa, Fasuma ta kusa tashi sama. Amma 'ya'yan suka tsaya ƙanana, uku-uku a manne, ba ƙwallo a ciki, in ka tauna bauri ya ɗaure maka baki. Kafin su nuna duk sun zube. Shekara ta takwas ma haka. Ta zuba taki, ta ƙara ruwa, ta rage ruwa, ta binne toka a gindi, duk a banza.

Ranar da Zakariya'u ya gaji, cikin bazara ne. Ya tsaya a bakin Madina yana kallon 'ya'yan da suka zube a ƙasa, ya ce, "Ƙanwata, na yi haƙuri shekara takwas. Yara sun girma, kowa na son inda zai kafa zogalensa. Baɗi war haka, in ban ga dabinon da mutum zai ci ya haɗiye ba, zan tone su."

Fasuma ta ce, "Na ji, Yaya." Ta duƙa ta tsinci 'ya'yan cike da hannu ta ƙulle a gyale, ita kanta ba ta san don me ba.

Ta iso Tsibiri zuciya a wuya. Tana shiga tsakar gida ƙayar dabino ta kama mata zane ta yage. Ai ɗan tsigin nan na Malam Mahamadu ya sha ruwan alwala sau biyar a rana har ya fi na Jiratawa kauri. Shi ma tun tuni ya nuna kansa namiji ne, kowane sanyi sai ya yi farin fure ya zubar da gari a kan shanya. Ta yi shekara uku tana cewa a sare, Malam na cewa a'a. A jikinsa yake rataye rediyonsa, a inuwarsa yake shan shayi.

"Malam, dubi zanena! Wannan abu da ba ya tsinana komai, sai yaushe za ka rabu da shi?"

Malam ya ɗago ido daga kofin shayi. "Me ya ci maki? Ruwan alwalata yake sha, ba na randarki ba."

"Taurin kai dai irin na Bagobiri."

"Da kika auri Bagobirin, ido rufe aka kawo ki?"

Fasuma ta shige ɗaki. Ta san gobe zai je suna a wani ƙauye, ba zai dawo ba sai la'asar. Ta zaga wurin Sha'ibu mai faskare ta ce masa gobe da an sallame azahar ya zo da gatari, ƙofa a buɗe take, ya kwantar mata da itacen nan. Sha'ibu ya ce, "Malam ya sani?" Ta ce, "Zai sani."

Kashegari ta gama tallarta da wuri, ta biya ta babbar kasuwa sayen ƙuli-ƙuli. A nan akwai wani dattijo mai sayar da dabino, Idirisa, mutumin Ingal ta wajen Agadas. Shekara takwas tana wuce rumfarsa ba ta taɓa tambayarsa komai ba, don kada a ƙara samun mai yi mata dariya. Yau dai ta ga ba abin da ya rage a ɓoye. Ta tsaya ta kwance gyale.

"Malam, don Allah dubi wannan. Wace cuta ce?"

Idirisa ya ɗauki ɗaya, ya fasa da farce, ya leƙa ciki. "Ina kika samo?"

"A lambuna, a Jiratawa."

Ya gyara zaman rawaninsa ya dube ta da kyau. "Jiratawan nan? Itace nawa?"

"Biyar."

"Inna, ba cuta ba ce. Itacenki lafiyarsu lau. Ina namijin?"

"Na tone su. Huɗu ne, na ƙone."

Idirisa ya riƙe baki. "Kin ƙone! La'ilaha illallahu. Huɗu?"

"To ba sa haihuwa. Kamar gwanda."

"Gwanda!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ga fuskarta ya daina. "Ki yi haƙuri. Gwanda in kin sare naki, akwai na maƙwabci, ƙudan zuma na kawo maki. Dabino kuwa wa ke da shi kusa da ke? Mu a Ingal da hannu muke haɗa su. Garin nan da namiji ke zubarwa, shi ne komai. In kuben macen ya tsage, ki yanko furen namiji, ki tsinke silili uku ko huɗu, ki soka a tsakiyar na macen, kai ƙasa, ki ɗaure sako-sako da ganyen. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Kada ki bari ya wuce kwana uku da tsagewa. Namiji ɗaya ya ishi mata hamsin. Yanzu aikin ki samo namijin ne, ni kuwa ban san mai shi a ƙasar nan ba."

Fasuma ta tsaya kamar an kafe ta. Daga masallacin kasuwa ladan ya ɗaga murya yana kiran azahar.

"Wayyo ni!" Ta bar ƙuli-ƙulin, ta bar kwanon talla a rumfar Idirisa, ta fita a guje tana riƙe da zane. Sha'ibu ba ya da salula, ko yana da ita ma ba ta da lambarsa. Ta faɗa bayan kabu-kabun farko da ta gani. "Tsibiri! Ɗana, in akwai gudun da ka taɓa yi, yau ka ninka shi."

"Inna, haihuwa ce ko rasuwa?"

"In ka ci gaba da surutu rasuwa ce!"

Ita da kullum ke dukan kafaɗar masu moto tana cewa a hankali, yau ita ce ke cewa ƙara. Tun daga bakin lungu ta jiyo sarar gatari. Ta dire kafin moto ya tsaya, takalmi ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba.

"Sha'ibu! Tsaya! Kada ka ƙara!"

Sha'ibu ya tsaya da gatari a sama. Ya riga ya sassare fiye da rabin ganyen don ƙaya ta ba shi hanya, ya kuma yi wa gindin sara biyu, farin ciki ya bayyana. Fasuma ta durƙusa ta dafa wurin saran da tafin hannu kamar mai tsayar da jini.

"Ke kika ce in sare fa."

"Ni na ce. Yanzu kuma na ce bari."

Ta kwaɓa laka da kashin shanu ta toshe raunin, ta naɗe da tsumma. Tana cikin ɗauri Malam Mahamadu ya yi sallama, da ƙullin goron suna a hannu. Ya dubi ganye zube a ƙasa, ya dubi rediyonsa a kan turmi, ya dubi Sha'ibu da ke neman hanyar fita, ya dubi matarsa da laka har gwiwar hannu.

Fasuma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗa masa duka, har da abin da Idirisa ya ce. Malam ya zauna a kan dutsensa. Can ya ce, "Wato raggon nan nawa."

"Malam, na tuba."

"Wanda ba ya tsinana komai."

"Na ce na tuba."

"Ban ji da kyau ba, kin san kunnen Bagobiri shi ma tauri gare shi."

Sha'ibu ya fashe da dariya ya gudu da gatarinsa.

Damina ta zo ta wuce. Fasuma ta koma mai jinyar itace. Ta hana awaki zuwa kusa, ta riƙa ƙara masa ruwa a ɓoye bayan na alwala, Malam na gani yana yin kamar bai gani ba. Tsoronta ɗaya, kada wahalar sara ta hana shi fure a bana, don ba ta da wata shekarar. Sanyi ya shigo, na Jiratawa suka fara kumbura, na Tsibiri shiru. Kullum da safe sai ta kife turmi ta hau ta leƙa tsakanin ganye. Sati biyu tana saukowa ba ta ga komai ba.

Ran wata Talata ta hau, sai ga kube biyu sun leƙo, gajeru masu kauri. Biyu kacal, shi da ke yin bakwai. Ta sauko ta ce, "Sun isa."

Da na farko ya tsage ta yanko shi, ta naɗe a sabon ɗankwali don kada iska ta kwashe garin. Malam ya sa babbar riga ya ce shi ma za shi. "Ni ne uban ango. Ba a kai ɗana gidan mutane ba ni." Suka ratsa Maraɗi a kan moto biyu, ita ta rungume ƙullin a ƙirji, ko gaisuwar mutane ba ta amsawa da hannu.

A Jiratawa masu lambu suka bar ban-ruwa suka taru. Fasuma, mace mai jikoki, ta ɗaure zane tamau ta hau tsanin da Zakariya'u ke riƙe mata yana gunaguni. Ƙaya ta soke ta a dantse, jini ya zubo, ba ta kula ba. Ta soka silili huɗu, kai ƙasa, ta ɗaure sako-sako.

Wani ya ce, "Hajiyar Madina, yau kuma laya ake ɗaura masu?"

Malam Mahamadu ya ce, "Ɗaurin aure ne, ku matso ku shaida."

Sati uku tana wannan hawa da sauka, duk kuben da ya tsage sai ta bi shi. Garin ƙarshe a takarda ta tara shi, ta dangwala da auduga ta shafa wa nonon dabinon da ya makara tsagewa.

Wannan karon 'ya'yan ba su zo uku-uku ba. Ɗaya-ɗaya suka tsaya, suka yi ta cika. Da suka kai girman ɗan yatsa ta tsinki ɗaya ta fasa da haƙori, haƙorin ya ci karo da abu mai tauri. Ƙwallo ne. Ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, sannan ta tashi ta je ta yayyage tsohon gidan sauro ta rufe nonnan saboda tsuntsaye da jemagu.

Bazara ta yi zafi, kore ya koma rawaya, rawaya ta fara yin ja daga baki. Idirisa ya gaya mata ruwan sama ne abokin gabar dabino mai nuna. Ran da hadarin farko ya haɗo daga gabas, ba ta jira kowa ba, ta hau ta yanke nono goma sha huɗu, suka kwashe su zuwa rumfa, ɗigon farko na sauka a bayansu.

A cikin rumfar, ruwa na dukan kwano, ta zaɓi wanda ya fi laushi ta miƙa wa yayanta. Zakariya'u ya juya shi a hannu, ya sa a baki. Ya tauna a hankali. Ya haɗiye. Ya fid da ƙwallon ya dube shi, maimakon ya yar sai ya sa a aljihu.

"Na gan ka, Yaya."

"Me kika gani?" Ya share baki. "Ɗirkar da ke kusa da Madina, ban sa mata komai ba bana. In kina so."

A shekarar Hajiya Maijidda ta sake zuwa hajji, ta dawo sati biyu bayan yankan. Gida ya cika kamar wancan karon, har da wadda ta yi zancen Agadas, ta ƙara ƙiba. Fasuma ta yi sallama da muryar nan tata, ta shigo da babban faranti a ka, rufe da faifai. Mai rabo ta nufo ta da dabino uku.

"Riƙe naki, 'yata, yau ba karɓa na zo ba."

Ta sauke farantin a gaban Hajiya ta ɗaga faifan. "Ga tsarabar da kika ce. Ta ɗan daɗe a hanya."

Hajiya ta duba, ta sake dubawa. "Fasuma! Na Jiratawan?"

"Jikokin naki ne, ki ɗanɗana."

Hajiya ta ci ɗaya, ta kai hannu ta ɗauki na biyu kafin ta yi magana, sai kawai ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa. Fasuma ta ɗauki farantin ta bi tabarma tana rabo da kanta. Da ta zo kan matar Agadas, matar ta miƙo hannu ɗaya tana sunkuyar da kai.

Fasuma ta ce, "Haɗa hannu biyu, ɗaya ba zai ɗauke ba."